Hular Ungulu

A shekarata ta huɗu a Doha ina aiki a ɗakin hoton ƙashi na wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bakin unguwar Mansura. Lokacin ana kan haƙar hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, an tottoshe tituna da shingaye, tafiyar minti goma daga gidanmu na unguwar Old Airport sai ta cinye mini rabin awa. Aikin kansa ba abin ba da labari ba ne. Lebura ya faɗo daga kan gini, yarinya ta haɗiye maɓalli, masu neman takardar lafiya don sabon aiki su yi layi har bakin ƙofa. Ni in ɗauki hoto, in tura wa likita ta karanta.

Likitar 'yar Masar ce, gajera kakkaura, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Daktora muke ce mata. Ba ta son magana kafin ta sha shayinta na biyu, kuma ban taɓa ganin ta makara sallah ba, dardumarta kullum tana naɗe a bayan kujera.

Mai asibitin, wanda shi ne kafil ɗinmu baki ɗaya, wato wanda ya tsaya mana muka sami izinin zama da aiki, dattijo ne ɗan ƙasa da ya haura saba'in. Shi ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, bai fi ya leƙo mu sau uku a shekara ba. Hajji kowa ke ce masa. Direbansa Basakkwace ne mai furfura a gemu, shekara tara yana tuƙa shi. Duk ranar da suka zo sai ya shigo ɗakina mu gaisa, ya ce ya zo wanke bakinsa da Hausa. Ina ce masa Baba, yana ce mini Hajiya, ko da yake a lokacin ban sauke farali ba.

Wata Asabar da hantsi, ba mutane sosai, sai ga Baba ya turo ƙofa da kafaɗa, rungume da wani kwali da aka lulluɓe da bargo. Hajji na biye da shi yana dogara sanda. Na miƙe na gaishe shi.

"'Yata," ya ce da Turancinsa mai gauraye da Larabci, "ina so ki ɗauki hoton wannan, ki gaya mini abin da ke ciki."

Baba ya ajiye kwalin, ya yaye bargon, ya zaro abin da hannu biyu.

Kan mace ne, girmansa daidai da na mutum, tun daga tsakar ka har wuya, an kafa shi a kan wani baƙin katako mai kusurwa huɗu. An shafe fuskar da ruwan zinariya, ya ɗan ɓaɓɓare a hanci da haɓa. Idanun manya ne, an ja musu baƙin layi kamar wadda ta rambaɗa kwalli har gefen kunne. Amma abin da ke kanta shi ya ɗauke mini hankali. Wata tsuntsuwa ce ta kwanta rub da ciki a kan matar, fukafukanta sun sauko ta bayan kunnuwa, an yi musu fenti ja da shuɗi da rawaya. Kan tsuntsuwar ya leƙo a tsakiyar goshi, kusa da shi kuma ga ɗan ƙaramin maciji ya fasa kai.

Na matsa kusa. Na ga wuya mara gashi, na ga baki mai lanƙwasa.

"Baba," na ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "wannan ba ungulu ba ce?"

"Ita ce, Hajiya. Shekara biyu ina kallonta, ban dai ce komi ba."

Ni 'yar Zariya ce, gidanmu ba nisa da mahauta. Na san ungulu, na san abin da take ci. Ban taɓa zaton akwai ƙasar da mace za ta ci ado ta ɗora ta a ka ba.

Hajji ya yi mini bayani. Shekara biyu da suka wuce ya saye shi a Turai, a gwanjon kayan wani tsohon gida. Takardar da aka haɗo masa da ita ta ce marufin fuskar wata sarauniyar Masar ne ta zamanin Fir'auna, cikinsa ciyawa ce aka cusa don kada ya lotsa, an kuma kafa shi a katakon tun fiye da shekara ɗari. Ya ajiye shi a majalisinsa, ɗakin da yake karɓar baƙi. A makon da ya wuce aka gusar da shi za a yi fenti, sai aka ji wani abu na ƙara a ciki. Wani abokinsa ya ce wataƙila dutse mai daraja aka ɓoye. Shi kuma ba ya so a fasa.

Na ce ba na ɗaukar hoto sai da izinin likita, na je na kira Daktora.

Ta shigo da kofin shayi a hannu. Tana ganin abin ta ajiye kofin, ta zagaye shi sau biyu ba ta taɓa ba.

"Sarauniya ce," in ji Hajji. "Ga kambinta nan a ka."

Daktora ta jawo takardar neman hoto, ta juya bayanta, ta zaro biro. A ranar na san cewa mahaifinta mai gadin tsofaffin kaburbura ne a kudancin Masar, kuma tana yarinya ita ke kai masa abinci a wuraren da bango ke cike da irin waɗannan zane-zane.

"Sarakunansu ba hula ɗaya gare su ba," ta ce. Ta zana wani abu kamar doguwar gora da aka kife. "Wannan fara ce, ta sarkin kudu." Ta zana wani kamar kujera mai dogon baya, da 'yar waya da ta murɗe a gaba. "Wannan ja ce, ta sarkin arewa. Da ƙasar ta haɗu sai aka zura farar a cikin jar, sarki ya sa su tare." Ta ce akwai shuɗiya da ake yawan zana sarki da ita a fagen yaƙi, akwai kuma ƙyallen nan mai ratsi-ratsi da kowa ya sani a hoto. Kowacce da gamsheƙa a goshi, don sun yi imani tana tofa wuta ga maƙiyin sarki.

Ba ta tsaya nan ba, hannunta ya riga ya saki. Ta ce abubuwan bautarsu ma da abin da ke kansu ake bambance su, tunda fuskokin kusan iri ɗaya ne. Wani dogayen gashin tsuntsu biyu ne a kansa. Wata ƙahonin saniya ne da faifan rana a tsakani. Wanda suka ce shi ke mulkin matattu farar hular nan yake sawa, da gashin jimina a gefe da gefe. Akwai wadda kujera ce sukutum take ɗauke da ita.

"Ungulun fa?" na tambaya.

"A wurinsu ungulu uwa ce. Sun ga yadda take buɗe fukafukai ta kare 'ya'yanta daga rana. Kalmar uwa ma da hoton ungulu suke rubuta ta. Shi ya sa matan sarki da iyayen sarki ke sa ta, da gumakansu mata."

"To, ai abin da na faɗa ke nan," in ji Hajji.

"A'a, Hajji. Duk haƙe-haƙen da aka yi a ƙasarmu ba a taɓa tono farar hular nan ko jar ba, ko guda. A bango muke ganinsu da jikin gumaka. Har yau ba wanda zai rantse maka ko da fata aka yi su ko da saƙa. Wannan naka kuwa ba kambi ba ne. Ƙyalle ne aka manne bisa ƙyalle, aka shafe da farar ƙasa, aka yi fenti, irin wanda ake rufe kan gawa da shi. Kuma aikin ƙarshe-ƙarshen zamaninsu ne, lokacin da duk mai hali zai iya yi wa 'yarsa. 'Yar wani mai rufin asiri ce aka ara mata hular gumaka, don in ta isa lahirarsu a karɓe ta kamar ɗaya daga cikinsu."

Hajji ya ƙura wa takardar ido. Baba, wanda zaman shekara tara ya koya masa Larabcin da ya ishe shi bin zance, ya matso kusa da ni ya ce, "Ashe ungulu da kan zabo anka yi muna." Na cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini a gaban kafil.

"Halas, shi ke nan," in ji Hajji. "Sarauniya ko ba sarauniya ba, a ɗauka. Yalla."

Na ɗaga abin zan kwantar da shi a gadon hoto, sai na ji nauyinsa ya wuce na ciyawa. Na ce a raina katakon ne. Da na karkata shi wani abu ya yi ƙaras a ciki, kamar 'yar tsakuwa a gwangwani. Na tokare shi da soso ta gefe biyu, na roƙi mazan su jira a waje, ni da Daktora muka koma bayan gilashi. Na danna.

Hoton ya fito a allo. Na ga da'irar ƙoƙon kai. Na ga ramukan idanu biyu. Na ga haƙora, sama da ƙasa, a jere.

Abin da ya fara zo mini shi ne na yi kuskure, na'ura ta dawo mini da hoton wani da na ɗauka jiya. Na duba lamba, na rufe, na sake buɗe sabon shafi, na sake dannawa. Abu ɗaya ya fito. Na juya na dubi Daktora. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, leɓunanta na motsi ba sauti.

"Ɗauki ta gefe," ta ce.

Na fita daga bayan gilashin. Taku huɗu ne zuwa gadon, amma sai da na tsaya a tsakiya. Ɗazu na ɗauke shi kamar tukunyar fure. Yanzu hannuna ya ƙi miƙuwa. Na yi bisimilla, na sa safar hannu, na juya ta a hankali.

Hoton gefe ya fi na farko muni. Ƙasusuwan wuya uku ne suka rage, na ukun an yanke shi santal kamar da zarto. Daga cikin baƙin katakon nan wani ƙarfe ya taso, fari fat a allo, ya ratsa wuyan ya shige har tsakiyar kai. Haka aka tsayar da ita.

Daktora ta fara karantawa da muryar aiki, tana nuni da bayan biro. Ta nuna mini inda aka fasa ƙashin cikin hanci aka fitar da ƙwaƙwalwa, da wani abu daskararre a ƙeya, ta ce ƙaro ne aka narka aka zuba tana kwance rigingine. Ta ce mace ce. Haƙoran can ƙurya, masu fitowa a ƙarshe, sun fito ba su daɗe ba, don haka shekarunta ashirin da 'yan kai. Ta nuna wani ɗan rami a muƙamuƙi, ƙarƙashin matauni, ta ce ta sha ciwon haƙori ba kaɗan ba.

"Wannan fa?" na ce. Wani ɗan zobe ne fari a daidai kunnen hagu.

Ta matso kusa da allon. "Ɗan kunne ne."

Na kunnen dama babu. Muka neme shi muka gan shi can ƙasa, ya faɗo ya kwanta tsakanin wuyan da ƙyallen, kusa da katako. Shi ne abin da ke ƙara.

Daktora ce ta buɗe ƙofa ta kira su. Ba ta yi wani kewaye-kewaye ba. Ta juya allon ta ce, "Hajji, ba ciyawa ba ce. Mai shi tana ciki."

Ya matso ya duba. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar zinariyar da ke kwance a gado, ya sake duban allon. Sai sandar ta zame daga hannunsa. Na jawo kujerar da masu jinya ke zama, ya zauna, bai ko lura da wanda ya kawo ta ba.

"Mutum," ya ce. Ya yi salati a hankali. "Shekara biyu. A gefenta nake zama in sha gahawa. Baƙi suna zuwa ina nuna musu. Jikokina sun yi hoto da ita. Na yi sallah a ɗakin nan ban san adadi ba."

Da na waiga neman Baba, ba ya nan.

Na same shi a bakin famfon da ke lungun ɗakin jira, ya naɗe hannun riga yana wanke hannu da sabulu. Ya ɗauraye, ya sake matso sabulun.

"Baba, ya isa haka."

"Hajiya, ni ka goge ta," ya ce bai dube ni ba. "'Yan aikin gidan tsoronta su kai, sai Hajji ya ce ni in riƙa yi. Duk Alhamis. Da tsumma nika bin fuskar nan, har cikin idanu." Ya kashe famfon. Ya zaro wayarsa daga aljihu da jiƙaƙƙen hannu ya miƙo mini. "Da Sallar bara na cire hulata na ɗora mata bisa ungulun nan, na ɗauki hoto na aika ma iyalina gida don su yi dariya. Sun kuwa yi. Don Allah nemo shi ki goge, ba ni iya dubawa."

Na nemo. Hular zanna ce ruwan ƙasa, an karkata ta gefe irin na 'yan gayu. Na goge, na mayar masa da wayar. Na ce ai bai sani ba, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Ya ce ya san haka, amma ɗiyar wani ce.

Mahaifiyata ita ke wankan gawar mata a unguwarmu har ƙarfinta ya ƙare. Ban taɓa shiga na taya ta ba, amma na sha riƙe mata buta a bakin ƙofa, kuma na san ba ta barin mamaciya a buɗe ko na ƙiftawar ido, ko da ba kowa a ɗakin. Da na koma na tarar da matar nan kwance a ƙarƙashin fitila, mutum biyu na tsaye a kanta, sai na buɗe kabad na ɗauko wankakken zanen gado na rufe ta.

Hajji ya riga ya yanke shawara. Ya ce a cire mata wannan kwalliyar, a zare ƙarfen, a naɗe ta a farin ƙyalle, ya san wanda zai kira a ba shi wuri a binne ta kafin la'asar. Baba, da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyaɗa kai. Ni ma abin da ke raina ke nan.

"Ba zai yiwu ba," in ji Daktora.

Ban taɓa jin wani ma'aikaci ya faɗa wa Hajji haka ba. Ta ce na farko, kan mutum ne, dole a sanar da 'yan sanda, ba a binne shi a ɓoye kamar an yi laifi. Na biyu, ba shi da ikon binne ta.

"Ni na saye ta," ya ce, sai kuma ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya rufe fuska da tafin hannu.

Daktora ta sassauta murya. "An riga an binne ta sau ɗaya, Hajji. Da jikinta cikakke, yadda iyayenta suka so. Wani ne ya tono ta ya yanke kan ya sayar wa baƙo, saboda kai ya fi sauƙin shiga akwati. Sauran jikin yana can ƙasarmu, in ma ya saura. Can ya kamata ta koma. Kuma ba za a cire mata hular ba."

Nan ne na sa baki. "Daktora, amma ai hular gumaka ce. Ke kika faɗa. Shirka ce."

Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni. "Ban ce ki yi imani da ita ba. Ni ma ban yi ba. Hisabinta yana wurin Allah, ba wurina ko wurinki ba. Amma uwarta ce ta tsaya aka sa mata wannan, tana ganin da shi za a gane 'yarta a karɓe ta. An raba ta da kabarinta, an raba ta da jikinta, an soke ta da ƙarfe. Abin da ya rage mata ke nan. Mu ne za mu ƙarasa tuɓe ta?"

Har yau in na tuna ina jin nauyin maganar da na yi, kuma har yau ban tabbata na yi kuskure gaba ɗaya ba. Hajji ya ce wa Baba ya miƙo masa waya.

'Yan sanda biyu suka zo bayan azahar. Babban ya san Hajji, ya sumbaci goshinsa, ya saurari bayani, ya ɗaga zanen ya duba ya mayar. Ɗayan ya buɗe takarda ya fara cikewa. Ya tambayi sunan mamaciya, aka ce ba a sani ba. Ya tambayi lambar katin zama, aka ce babu. Ya tambayi lokacin rasuwa.

"Kimanin shekara dubu biyu," in ji Daktora.

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi babbansa, sannan ya rubuta. Ni ma aka ɗauki bayanina tunda ni na ɗauki hoton. Zuwa la'asar motar ɗaukar gawa ta zo ta tafi da ita, a lulluɓe da zanen asibitinmu.

Da na koma gida maigidana ya dawo daga aiki yana cin abinci. Na ba shi labari tun daga farko. Ya ajiye cokali ya ce, "Kin taɓa ta da hannunki?" Na ce sau biyu. Ya ce in je in yi wanka in ci abinci. Wankan na yi, abincin ya gagara.

Kwana uku bayan haka wata mata 'yar Indiya ta zo hoton kai saboda ciwon hanci. Ƙa'ida ce in ce a cire sarƙa da 'yan kunne kafin a kwanta, na faɗi haka ya fi sau dubu. Ranar na buɗe baki maganar ta maƙale. Sai da na yi mata nuni da hannu. Ta cire ta zuba mini a tafi, suna da ɗumin jikinta, na tsaya riƙe da su har ta tambaye ni ko lafiya.

Hajji kuwa bai sake yarda da komai na majalisinsa ba. Asabar biyu a jere Baba na kawo mini kaya: tukwane, 'yan gumakan tagulla, wani akwatin katako mai rubutu. Na ƙarshe wani abu ne a naɗe da tsohon ƙyalle mai siffar shaho, an yi masa kai na fenti da hular nan biyu a haɗe, fara cikin ja. Daktora ta ce irin wannan gawar tsuntsu ake naɗewa a kai wa abin bauta. Hajji ya ƙi zama a waje, sai da na sa masa rigar kariya ya tsaya tare da mu a bayan gilashi. Hoton ya fito, ba ƙashi ko ɗaya, kara ne da laka. Daktora ta ce tun a wancan zamanin aka cuci wanda ya saya. Hajji ya yi hamdala, ya ce duk da haka a haɗa da shi a mayar.

Maganar mayarwa ta ɗauki wata bakwai. Mutanen ofishin jakadancin Masar suka shigo, aka turo wata masaniya ta duba ta tabbatar da abin da Daktora ta faɗa. Ta ce ba za a zare ƙarfen a nan ba, don kada ƙashin ya ruguje. Hajji ya sa wani kafinta a unguwar Al Asmakh ya yi akwati mai kyau, aka shimfiɗa farin yadi a ciki. Masaniyar ta ce ba zai yi ba, akwai irin akwatin da ake ɗaukar waɗannan kaya, mai soso da aka yanka daidai jikinsu. Ya roƙa a bar yadin aƙalla. Ta yarda aka rufa shi a sama kafin a buga murfi.

Ranar tafiyar ban je filin jirgi ba, ina bakin aiki. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Baba ya shigo ɗakina shi kaɗai, ya zauna a kujerar masu jinya ba tare da na ce ya zauna ba.

"Ta tafi, Hajiya."

Ya ce sun bi bayan motar tun daga asibitin da aka ajiye ta har sashen kaya, Hajji ya hana shi wuce ta ko da hanya ta buɗe, motoci na ta yi musu ham. A can aka sa hannu a takardu, aka ɗora akwatin a kan abin ɗaukar kaya tare da wasu kwalaye na injin sanyaya ɗaki, aka shige da shi. Hajji ya tsaya a rana har ƙofar ta rufe. A hanyar dawowa, da suka kusa gida, Hajji ya tambayi Baba ko yana da 'ya mace. Baba ya ce uku, babbar tana da shekara ashirin da biyu. Hajji ya ce ya ɗauki hutu ya je ya gan su.

"Jibi nika tafiya," ya ce. Ya ɗan murza kafaɗarsa ta dama. "Tunda na zo, ki duba min kafaɗar ga. Ta yi wata biyu tana damuna, ban son in hau jirgi da ita haka."

Na rubuta takarda na kai wa Daktora ta sa hannu, na tsayar da shi a gaban na'ura na ɗauka. Ta duba ta ce ba karaya ba targaɗe, tsufa ne da yawan tuƙi. Ta rubuta masa maganin shafawa, ta ce ya gaishe da mutanen gida.